London Datastore: Abin da Rumbun Alƙaluman Landan Ke Nunawa da Inda Ya Gaza

London Datastore rumbun bayanai ne da Hukumar Babban Birnin Landan, wadda magajin gari ke jagoranta, ta buɗe a intanet a watan Janairun 2010, zamanin da Boris Johnson ke magajin gari. Manufarsa ita ce alƙaluman da hukumomi ke tarawa a kan birnin su isa hannun kowa ba tare da biyan kuɗi ba, tun daga yawan jama'a, farashin gidaje, albashi da rashin aikin yi, har zuwa sufuri, laifuffukan da aka kai wa 'yan sanda, gurɓatar iska da adadin masu kwana a titi. Akasarin bayanan ana sauke su ne a matsayin jadawalin kwamfuta na tsarin Excel ko CSV, kuma lasisin da ke kan mafi yawansu ya yarda a sake amfani da su muddin an ambaci inda aka samo su. A ganina rumbun ya cancanci yabo, amma amfaninsa ya rataya ne a kan yadda mai karatu ya iya yi wa alƙaluma tambaya.

Babban abin da ya fifita shi shi ne yadda yake ba mutum damar sauka daga birnin baki ɗaya zuwa unguwa. Landan tana da ƙananan hukumomi 32, sai tsohon tsakiyar birni da ake kira City of London, wanda ke da tsarin mulkinsa na daban. A ƙarƙashinsu akwai mazaɓu, a ƙarƙashin mazaɓun kuma akwai ƙananan yankunan ƙididdiga kusan 5,000, kowanne da mutum wajen 1,500 ko sama da haka kaɗan. A wannan mataki na ƙasa ne ake ganin abin da matsakaicin lissafi ke rufewa. Ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea tana cikin wuraren da gidaje suka fi tsada a Birtaniya, kuma wanda ya tsaya a kan wannan adadi zai ɗauka babu talaka a cikinta. Amma ma'aunin rashi na Ingila na 2019, wanda ya haɗa kuɗin shiga, aikin yi, ilimi, lafiya, laifi, matsuguni da muhalli, ya nuna cewa unguwannin arewacinta suna cikin waɗanda suka fi fama da talauci a ƙasar. A can ne benen Grenfell yake, inda gobarar watan Yunin 2017 ta ci rayuka 72.

Ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta fi ba ni darasi a kan wannan batu. A cikinta Canary Wharf yake, matattarar manyan bankuna, don haka idan aka auna albashi bisa inda mutane ke aiki, tana sahun gaba a ƙasar baki ɗaya. Idan kuwa aka auna bisa inda mutane ke kwana, hoton yakan sauya, domin da yawa daga masu karɓar wannan albashi jirgin ƙasa ke kawo su da safe ya mayar da su da yamma, yayin da ƙaramar hukumar ta daɗe tana cikin waɗanda talaucin yara ya fi tsanani a cikinsu. Rumbun yana ɗauke da nau'in alƙaluman biyu, kuma wannan abin yabawa ne ƙwarai, sai dai wanda bai karanta bayanin da ke tare da jadawalin ba zai iya ɗaukar ɗaya a madadin ɗayan, ya yanke hukuncin da ya saɓa wa gaskiya. Irin wannan tarko yana nan a City of London, inda mazauna ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2021 amma ma'aikata sun haura rabin miliyan, haka kuma a Westminster, inda raba yawan laifuffuka da yawan mazauna ke ba da adadi mai tayar da hankali saboda dubban baƙi da masu yawon buɗe ido ba sa cikin lissafin mazauna.

Ta fuskar zamantakewa, ƙidayar 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar ita ce ginshiƙi. Ta nuna mazauna Landan sun kai miliyan 8.8, kusan kashi 41 cikin ɗari a wajen Birtaniya aka haife su, kuma kashi 15 cikin ɗari Musulmi ne. Ta kuma nuna jama'ar Tower Hamlets sun ƙaru da kashi 22 cikin ɗari a shekara goma, alhali na Westminster, Camden da Kensington da Chelsea raguwa suka yi. A nan ma akwai buƙatar hattara, domin ranar 21 ga Maris, 2021 aka yi ƙidayar, lokacin da dokar kulle ta annobar korona ba ta gama sassautawa ba, ɗalibai da ma'aikata da yawa sun bar tsakiyar birni na ɗan lokaci. Saboda haka hasashen yawan jama'a da masanan hukumar birnin ke fitarwa a wannan rumbu yana da muhimmanci a matsayin abin gwadawa da sakamakon ƙidayar.

Rauninsa mafi girma shi ne rashin daidaito wajen sabuntawa. Wasu jadawalai ana sabunta su a kai a kai, wasu kuma, ciki har da taƙaitattun bayanan mazaɓu da na ƙananan yankuna waɗanda sabon shiga zai fi so ya fara da su, sun dogara ne a kan ƙidayar 2011, kuma duk suna fitowa tare idan an yi bincike. Sauyin iyakokin mazaɓu da aka yi a ƙananan hukumomi da dama ya ƙara wahalar kwatanta shekara da shekara. Komai da Turanci yake, manyan jadawalan kuma ba sa karantuwa da daɗi a waya, sai da kwamfuta da ɗan sanin sarrafa lissafi.

Akwai kuma iyakar da ba laifin masu kula da rumbun ba ce, amma wajibi ne a tuna da ita: abin da hukuma ta rubuta shi kaɗai ke shiga. Mai aikin da ake biya hannu da hannu, wanda ba shi da takardun zama, da matar da aka zalunta a gida ba ta kai ƙara ba, duk rayuwarsu ba ta bayyana sosai a alƙaluman, kuma su ne sau da yawa suka fi buƙatar a san halin da suke ciki.

Ina ba ɗalibin tattalin arziki, ɗan jarida da ma'aikacin tsara birane shawarar su yi amfani da shi, ko da ba Landan suke nazari ba, domin zai nuna musu irin bayanan da ya dace su nema daga hukumomin kowane babban birni. Kafin su ɗauki wani adadi, su duba shekarar da aka tattara shi, hukumar da ta tattara, girman yankin da ya shafa, da kuma ko mazauna aka ƙirga ko ma'aikata. Wanda yake son amsa a taƙaice ya fara da rahotannin da masanan hukumar ke rubutawa a kan gidaje da tattalin arziki, sannan ya koma ga ɗanyen jadawalin don ya tantance da kansa.