Taswirar bango mai leda da ake sayarwa a Katsina: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Malaman darasin Gwamnati da na Tarihi, da ɗaliban kimiyyar siyasa, su ne suka fi sayen taswirar siyasar duniya da ta Afirka a shagunan littattafai na Katsina. Iri uku ake samu: ta takarda zalla, ta takarda mai leda da sanda sama da ƙasa, sai wadda masu buga bana, wato kyallen talla, ke saukowa daga intanet su buga a kan fileks, ledar da ake yin kyallen da ita. Mai ledar ita ce ta cancanci kuɗinta. Amma ledar jikin taswira kawai take karewa, ba ta gyara abin da aka zana, kuma a zanen matsalar take.

Ta fuskar jiki ba ta da laifi sosai. Ƙurar hunturu tana fita da tsumma mai ɗan danshi, kuma malami zai iya zana kibiya da makar farin allo ya goge. Inda take lalacewa bakin-baki ne: idan ba a like ledar da kyau ba, danshin damina yana shiga ta gefe, takardar ta kumbura ta yi tabo. A bi gefunan huɗu da yatsa tun a shago. Kada a kafa ta inda rana ke dukanta ta taga, domin ja da ruwan hoda su ke fara koɗewa, sai maƙwabtan ƙasashe su zama launi ɗaya. Ta fileks tana da ƙarko, sai dai yawanci ƙaramin hoto ne aka ja shi ya yi girma, ƙananan sunaye su dagule. Ajin da ya cika yana buƙatar girman A0, wato santimita 84 da 119. A1 ta ofis ce ko ɗakin karatu.

Shekarun zane kuwa ba a gane su daga ƙyallin leda. A duba Sudan: idan ƙasa ɗaya ce, an zana ta kafin Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a 2011. Idan an rubuta Swaziland maimakon Eswatini, ba ta kai 2018 ba. A ta Najeriya a ƙirga jihohi, su cika 36. Akwai tsofaffin da har yanzu Katsina na cikin Kaduna, alhali tun 1987 aka raba su. Bakassi ya kamata ta kasance cikin Kamaru, bisa hukuncin Kotun Duniya na 2002 da yarjejeniyar Greentree ta 2006. Wadda ta shafa wa ƙasashen ECOWAS launi ɗaya ta fi saurin tsufa, tun da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, mambobi suka koma 12.

Babban aibin yawancin taswirorin duniya da ke kasuwa shi ne salon Mercator, wata hanya ta shimfiɗa zanen duniya a kan takarda. A 1569 aka fito da shi domin matuƙan jiragen ruwa, kuma ga wannan aiki yana da kyau, don yana kiyaye alƙibla. Illarsa ita ce kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Sai ka ga Girinlan ta kusa kai Afirka, alhali Afirka, mai faɗin murabba'in kilomita wajen miliyan 30, ta ninka ta kusan sau 14. Yaron da ya yi shekara shida yana kallon wannan a bango zai tashi da Turai babba a ransa, nahiyarsa ƙarama, tun kafin a koya masa komai game da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ko kujerar dindindin da Afirka ke nema a cikinsa. Shi ya sa Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a koma ga salon da ke nuna girman ƙasashe daidai, irin Equal Earth. A nemi sunan salon a ƙasan taswira, kusa da ma'auni. Idan ba a rubuta ba, a gwada Girinlan da Afirka da ido.

Layukan da ake taƙaddama a kansu ma ra'ayi ne aka buga da tawada. Wata taswirar tana haɗe Yammacin Sahara da Maroko, wata tana raba su da layi mai ɗigo-ɗigo. Najeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi, wadda masu neman 'yancin Yammacin Sahara suka ayyana, a 1984, shekarar da Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka saboda batun, ba ta dawo ba sai 2017. Haka Kashmir da Taiwan: ƙasar da aka buga taswirar ita ke yanke yadda za a nuna su. Mai kyau tana da bayanin alamomi da ya bambanta iyakar da aka amince da ita da wadda ake jayayya a kanta. Da yawa daga cikin masu arha ba su da shi, kuma wannan gazawa ce ta gaske ga mai koyar da dangantakar ƙasashe.

Ga mutumin Katsina ko Daura, abin takaicin shi ne ma'auni. A taswirar da santimita 1 ke wakiltar kilomita 100, tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika santimita ɗaya ba. Jibiya da Kwangwalam ba sa fitowa sam. Layin iyakar Najeriya da Nijar da ya ratsa nan Ingila da Faransa ne suka ja shi, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suna ta gyara shi don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Ya raba Katsina da Maraɗi, inda sarautar Haɓen Katsina ta koma bayan jihadi. Shugabannin Afirka sun yarda a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakokin da aka gada, don gudun yaƙe-yaƙe, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Amma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna abin da launi biyu a takarda ke ɓoyewa: kasuwa ɗaya ce, dangi ɗaya, kuma takunkumin ya ci mutanen Jibiya kamar yadda ya ci na Dan Issa da ke ɓangaren Nijar.

Don haka taswirar duniya ita kaɗai ba ta isar aji. A haɗa ta da ta Afirka ta Yamma mai ma'aunin santimita 1 ga kilomita 25 ko ƙasa da haka, wadda ke nuna hanyoyi da garuruwan ɓangarorin iyaka biyu. Idan ba a samu a shago ba, mai buga bana zai iya fitar da ita, muddin an kai masa fayil mai nauyi irin PDF, kuma a sa ya gwada buga ɗan yanki a takarda a karanta ƙananan sunayen kafin ya buga gaba ɗaya.