Jirgin kai baƙi wurin tunawa da Arizona a Pearl Harbor: kyauta ne, amma sai da shiri

Sojojin ruwan Amurka ne ke tuƙa ƙaramin jirgin da ke kai baƙi wurin tunawa da USS Arizona, jirgin ruwan yaƙin Amurka da Japan ta nutsar a tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor, a tsibirin Oahu na jihar Hawaii. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dala 1 ta kama gurbi a shafin Recreation.gov. Guraben kan ƙare da wuri, wanda ya makara kuwa sai layin jiran tsammani.

Kafin a hau, a nazarci taswirar tashar, domin in ba ita ba, ruwa kawai za a gani. Mashigarta ɗaya ce, matsattsa, ciki kuma ta rabu reshe uku, tsibirin Ford na zaune a reshen gabas. Zurfin ruwan kusan mita 12 ne, abin da ya sa Amurkawa suka saki jiki cewa nakiyar ruwa da aka jefo daga sama za ta kafe a laka. Japanawa suka ɗaura wa nasu nakiyoyin fikafikan katako don kada su nitse da yawa. Ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941 da safe, jiragen saman Japan 353 suka afka wa tashar a zuwa biyu. Amurkawa 2,403 suka mutu, 1,177 daga ciki a Arizona kaɗai, wadda bam ya tarwatsa rumbun albarushinta na gaba. Nevada, wani jirgin yaƙin, ta yunƙura za ta fice, aka kafe ta a gaɓar Hospital Point don kada ta nitse ta toshe mashigar.

Ginin tunawar da Alfred Preis ya zana, aka buɗe a 1962, ya gitta bisa jirgin Arizona da ke nitse ba tare da ya taɓa shi ba. Har yau mai na tsattsafowa saman ruwa, sunayen mamata kuma na jere a bangon marmara.

Matsalar ita ce ƙarancin lokaci: kusan minti 15 ake samu a kan ginin, bai isa a karanta sunayen a natse ba. Babu banɗaki a can. Ba a shiga da jaka, sai a biya kuɗin ajiya a ƙofa. In iska ta yi ƙarfi, akan dakatar da jigila saboda jirgin ba ya iya jingina da matsaya lafiya, don haka kada a bar ziyarar sai ranar ƙarshe.

USS Missouri, jirgin ruwan yaƙi inda Japan ta sa hannu kan miƙa wuya a 1945, tikitinta daban ne, bas ke kai mutane tsibirin Ford inda take.