Gion ko Higashi Chaya, wanne ya fi?

In dai unguwar geisha, wato matan da ke nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawar gargajiya, za ka je gani a Japan, ni fa Higashi Chaya ta Kanazawa nake ba mutane shawara, ba Gion ta Kyoto ba. Gion ta fi suna kam, kan titin Hanamikoji da yamma ka kan ga maiko, wato mai koyon aikin geisha, ta wuce da sauri cikin kimono, rigarsu ta gargajiya, amma cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya yi yawa wallahi, suna bin matan nan da kyamara har sai da aka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba tun 2019, tara yen 10,000, abin ba daɗi.

Higashi Chaya kuwa tun 1820 aka kafa ta, ƙarama ce, gidajen katako masu siraran tagogin sanduna da na ciki ke ganin waje amma na waje ba ya ganin ciki. Gidan Shima, ɗaya daga cikin gidajen geishan, an mayar da shi gidan tarihi, ka biya ka hau bene ka ga ɗakin da ake kiɗan shamisen, wani irin molo mai tsirkiya uku. Ga ganyen zinare har kan askirim suke liƙawa. Daga Tokyo zuwa Kanazawa a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen kusan awa biyu da rabi ne.