Mandolin na Napoli da na Gibson: yadda ake bambanta su da gane shekarunsu

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji wani tsohon mandolin, wato ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya, mai dunƙulallen baya kamar ƙwarya, da takarda a cikinsa wadda ba a iya karanta komai a kanta sai kalmar Napoli, sunan wani birni a Italiya, kuma wani abokinka ya gaya maka cewa tun da ya haura shekara ɗari, wataƙila ƙirar kamfanin Gibson ne. Bari mu jera su biyun, domin jikin kayan kiɗa yakan faɗi gaskiya kafin takardar da aka manna masa.

Mandolin na Napoli ya samu siffarsa a Italiya a tsakiyar ƙarni na 18, a hannun maƙera irin su dangin Vinaccia. Bayansa ba sassaƙa shi ake yi ba, siraran falankan katako ne ake lanƙwasawa a harhaɗa su gefe da gefe har su zama ƙwarya mai zurfi, kuma idan ka shafa da yatsa za ka ji layin kowace mahaɗa. Fuskarsa shimfiɗaɗɗiya ce, amma daf da jakin da tsirkiya ke hawa za ka ga ta karye kaɗan ta gangara ƙasa. Na Gibson kuwa ya fito ne daga garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka, inda Orville Gibson ya yi rajistar ƙirarsa a 1898, aka kafa kamfanin a 1902. Shi fuska da baya duka sassaƙa su ake yi daga katako mai kauri su ɗan tasa kamar na biyolin, wato gogen Turawa, don haka jikinsa siriri ne, yana kwanciya a jikin mai kiɗa ba ya zamewa. Ba a san Gibson da ƙirar ƙwarya ba ko kaɗan, saboda haka maganar abokinka ta faɗi tun daga nan.

Wajen gane shekaru ne su biyun suka fi nisa da juna. Gibson yana da sauƙin bi, domin kusan kowane canji da kamfanin ya yi an san lokacinsa. Ƙirar F mai nannaɗe a kafaɗa tana da tsini uku a farkon zamani, aka mayar da su biyu wajen 1910. Farantin da ke kare fuska daga karce da farko a cikin katakon ake dasa shi, daga baya aka ɗaga shi sama, kuma da yawa daga cikin waɗannan farantai suna ɗauke da tambarin rajista na 1909. Jaki mai ƙusoshin ɗagawa da saukewa ya shigo wajen 1921, haka ma sandan ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake gane shi da ƙaramin murfi a ƙarshen wuyan, kusa da maɗauran tsirkiya. Samfurin F-5 mai huda biyu irin na biyolin, maimakon huda ɗaya mai siffar ƙwai, ya fito a 1922, kuma waɗanda Lloyd Loar, injiniyan sauti na kamfanin, ya sa wa hannu tsakanin 1922 da 1924 suna ɗauke da ranar a rubuce. Ga lambar da ke kan takarda, ga kuma wata lambar masana'anta da aka buga a katakon da ke riƙe wuya daga ciki. Idan waɗannan alamu suka dace da juna, ana iya kusantar shekarar ƙwarai.

Na Napoli ba ya ba da wannan dama. Abin da za ka iya tsayarwa shi ne zamani, ba shekara ba. Idan maɗauran tsirkiyarsa na ƙarfe ne masu haƙora, kuma an gina shi don tsirkiyar ƙarfe, to bai riga wajen 1835 ba, lokacin da ake danganta wannan sauyi ga Pasquale Vinaccia. Mafi yawan waɗanda ke hannun mutane yau an yi su ne tsakanin shekarun 1880 da na 1920, sa'ad da kasuwarsa ta buɗe a Turai da Amurka. Yawan falankan baya, da ko an fafe kowane ɗaya ya yi kwarmi, suna nuna darajar aiki ne, ba tsufa ba, kuma a nan mutane da dama suke ruɗuwa. Takardar ma abin taka-tsantsan ce, domin an sayar da masu araha da yawa da sunan Napoli, har da ƙirar Catania ta tsibirin Sisili. Manyan maƙera irin su Raffaele Calace sukan rubuta shekara su sa hannu, kuma tsabtar aikinsu takan goyi bayan takardar. Ka kuma tuna cewa a Amurka ma an yi na ƙwarya, kamar ƙirar Washburn na Chicago da ta kamfanin Martin, sai dai su sukan buga tambarinsu a jikin katako.

A ganina naka na Italiya ne, daga wancan zamani na bunƙasar kasuwa. Ka haska tocila ta cikin hudar ka duba gefen takardar ko akwai ragowar tawada, ka ƙirga falankan bayan, sannan ka turo hoton kansa, wato inda maɗauran tsirkiya suke, gaba da baya. Kafin nan, don Allah kada ka ɗaura masa tsirkiya mai kauri irin ta Gibson, domin fuskarsa siririya ce kuma wuyansa ba shi da ƙarfe a ciki, nauyin zai iya lanƙwasa shi.