Zariya, Ilorin ko ƙasar waje: ina za ka kai kuɗinka idan yaronka na son tuƙin jirgin sama?

Duk wanda ya ce maka da lasisi kaɗai ake hawa kujerar dama a jirgin fasinja, bai taɓa biya wa kowa kuɗin wannan karatu ba. Kafin yaro ya ɗaura igiya biyu ko uku a kafaɗa ya zauna gefen kyaftin a matsayin mataimaki, sai ya tsallake matakai da yawa, kuma kowanne da nasa kuɗin. Akwai ƙaramin lasisi, PPL, wanda ke buƙatar aƙalla awa 40 a sama, amma ba a cin abinci da shi. Sai lasisin sana'a, CPL, wanda a ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ake neman awa 200, ko 150 idan kwas ne na haɗe a makarantar da aka amince da ita, kuma sai yaro ya cika shekara 18. A ciki ake haɗa koyon tuƙi da na'urori lokacin da ido ba ya ganin ƙasa, da tuƙin jirgi mai inji biyu. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi, ATPL, sai an tara awa 1,500, wannan kuwa a bakin aiki ake tara shi.

Ni ba matuƙi ba ne. Ɗan kasuwa ne ni a nan Abuja, amma ni na ɗauki nauyin ƙanena tun daga fom har ya samu aiki, shi ya sa abokai ke yawan tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya. Amsata ba ta canzawa: kafin ka sayi fom ɗin ko'ina, kai yaron gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar sufurin sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi. Za a duba zuciya, ji, gani, da kuma ko yana bambance launuka. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi idan yana gyara ganin, amma wanda ba ya raba ja da kore yana cikin matsala, kuma gara a sani tun ba a sayar da fili ba.

Idan ya wuce wannan, ni dai Zariya zan ce maka. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke kan hanyar Samaru, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ta yaye da yawa daga cikin tsofaffin kyaftin ɗin da suka riƙe Nigeria Airways. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a can ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar. Ba tarihin ne ya ja ni ba, ko da yake a harkar da kowa ya san kowa, samun kyaftin a kwamitin tantancewa wanda ya kwana a ɗakunan kwanan da yaronka ya kwana ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya ja ni na farko shi ne da naira ake biya. Wanda ya tura yaro waje kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 tana neman 1,500, ya san abin da nake nufi. Kuɗin makarantar bai ƙaru da ko sisi a takarda ba, amma a aljihun uba ya ninka uku. Na san gidajen da yaro ya dawo da rabin awoyinsa saboda haka kawai. Na biyu, lasisin da ake samu a Zariya na NCAA ne kai tsaye, babu zancen canza lasisin wata ƙasa zuwa namu, da jarrabawar dokokin sama, da jiran hukumar can ta amsa wasiƙa. Na uku, kuma wannan ne ya fi kwanta mini a rai, makarantar tana inda ƙafarka za ta kai. Ka hau jirgin ƙasa a Idu ka sauka a Rigasa, ka shiga mota, kafin la'asar kana tsaye a bakin filin kana ƙirga jiragen da idonka. Mutumin Jos ma ta Saminaka da Pambegua zai ɓullo. Ba sai an turo maka hoto ta WhatsApp ba.

Jiragen da za ka gani sun haɗa da tsofaffin Tampico da Trinidad da Baron, da kuma sababbin Diamond DA40 da DA42. Bambancin yana da muhimmanci. Tsofaffin suna shan wani fetur na musamman, afgas, wanda shigo da shi ake yi, ga tsada ga wuyar samu, kuma ƙarancinsa na daga cikin abubuwan da suka riƙa ja wa ɗalibai jinkiri. Su Diamond kuwa kananzir ɗin jirgi suke sha, irin wanda ake samu a kowane babban filin jirgi, sannan allon gabansu na zamani ne, ya fi kusa da abin da yaro zai tarar a jirgin fasinja. Makarantar ta kuma mallaki na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737. Ka tambayi halin da take ciki a ranar da ka je.

Ba zan ɓoye maka ba, Zariya tana buƙatar haƙuri. Kwas ɗin da aka tsara a kan kimanin shekara biyu yakan ɗauki fiye da haka. Ɗalibai sun fi jirage yawa, ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya rufe sararin arewa, ɗan koyo da dole sai yana ganin ƙasa kafin ya tashi yakan yi kwanaki yana zaune yana kallon sama fara fat. Shiga ma ba ta banza ba ce: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi da fizis, sannan jarrabawa da ganawa. Amma jinkiri a makarantar gwamnatin tarayya da ta haura shekara sittin a tsaye, jinkiri ne da ka san inda za ka kai ƙara. Ba za ka je wata rana ka tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo ba.

Ilorin tana da kwalejin da gwamnatin Kwara ta kafa, NCAA ta amince da ita, hazonta bai kai namu ba. Idan Zariya ta cika, ita ce ta biyu, shi ke nan. Afirka ta Kudu tana da yanayi mai kyau da makarantu masu suna, ana gamawa da wuri, amma ka shirya wa canjin kuɗi. Amurka, ga biza ga tsada, kuma tun 2013 dokarsu ta ce ko mataimaki sai ya tara awa 1,500 kafin ya hau jirgin fasinja, don haka kar ma a yi mafarkin zai tsaya can ya samu aiki da awa 200. Makarantar kamfanin jiragen Habasha a Addis Ababa tana da kyau, dala ce dai. Hanyar soja ta NDA kuwa ba a biyan kuɗi, sai dai wanda ya shiga soja ya zama, ba inda zai je sai ya cika shekarun da ya sa hannu a kai.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan kwatance muhimmanci. 'Yan damfara sun yi wa wannan harka dafifi, domin sun san iyaye ba su san kanta ba, kuma sun san mai son ɗansa ya zama matuƙi ya riga ya tanadi kuɗi.

Kafin Zariya, wani dillali mai ofis a hawa na biyu na wata filaza a nan Abuja ne ya karɓi maganar ƙanena. Ƙaramin jirgin roba a kan tebur, hotunan samari sanye da fararen riguna da igiya a kafaɗa sun cika bango, ga taswirar duniya da aka soka wa allurai masu launi. Ya ce makarantar da yake wakilta a waje tana rage kaso mai tsoka ga wanda ya biya gaba ɗaya, kuma ta asusunsa ake biya. Rasiɗin da ya bayar sunan kamfaninsa ne a kai, babu sunan makarantar. Yaro ya isa can ya tarar jirage biyu ne, ɗaya an cire injinsa an rufe hancin da tamfol. Bayan 'yan watanni ya kira ni da dare ya ce, "Yaya, malaman sun daina zuwa, an ce mai makarantar ya bar gari." Na koma filazar na tarar ana sayar da kayan waya a ofishin.

Saboda haka ma'aunina na farko a yau shi ne yadda makaranta ke karɓar kuɗi. Ta yarda a biya mataki-mataki, bayan kowane lasisi ko kowane rukunin awoyi? Idan ta nace sai gaba ɗaya, tana haɗa ka da rangwame, tashi ka kama gabanka. Kuɗi kuma asusun makaranta yake shiga, da sunanta, kar ka yarda ya bi ta hannun wani ko da limamin unguwarku ne ya haɗa ku. Kowace makaranta ta gaskiya tana da takardar amincewa daga hukumar sufurin sama ta ƙasarta, mai lamba da ranar ƙarewa. Ka nemi lambar, ka tuntuɓi hukumar da kanka. Ka nemi lambobin rajistar jiragensu: na Najeriya da 5N suke farawa, na Afirka ta Kudu da ZS, na Amurka da N. Mai jirgi biyar ba zai yi nauyin baki wajen karanto maka lamba biyar ba. Sannan ka ce a haɗa ka da ɗalibin da ke can yanzu, wanda kai za ka zaɓa, ka tambaye shi sau nawa ya tashi a makon jiya.

Akwai wata cutar da ta fi wannan muni, ita ce awoyin biro. Wani zai ce maka ai ba sai yaro ya ƙona mai ba, a kawo rabin kuɗi a cike masa littafin awoyi a buga hatimi. Na taɓa riƙe irin wannan littafi a hannuna: tashin da aka ce an yi su cikin wata shida, duk da alƙalami ɗaya, tawada ɗaya, rubutun ko karkacewa bai yi ba, shafukan fes kamar ba su taɓa shiga jaka ba. Littafin ɗalibi na gaske yana da dattin hannu da gyare-gyare da sa hannun malamai daban-daban. Ba a ma buƙatar a duba littafin kafin asiri ya tonu, minti ashirin a na'urar kwaikwayo ya isa kyaftin ya gane wanda bai tashi ba. A 2020, bayan hatsarin jirgin kamfanin PIA na Pakistan a Karachi, ministan sufurin saman Pakistan ya faɗa wa majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 lasisinsu na da alamar tambaya, Tarayyar Turai kuma ta hana jiragen kamfanin shiga sararinta. Rayukan mutane ake magana, ba satifiket ɗin rataye wa a falo ba.

Sai masu tallan guraben karatu kyauta a Facebook da sunan wani kamfanin jirgi ko wata gwamnatin jiha, wai a tura kuɗin fom ta asusun wani mutum. Sai masu takardar ɗaukar aiki ta bogi, da tambarin kamfani da komai, a ce a biya kuɗin kaki da na horo kafin ranar Litinin. Ofisoshin kamfanonin nan suna filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ka ɗauki takardar ka je ka nuna a kanta.

Abu na ƙarshe da dillalai ba sa faɗa, shi ne bayan CPL akwai horo na musamman a kan nau'in jirgin da mutum zai tuƙa, wanda 'yan harkar ke kira taif retin. Mai shaidar Boeing 737 ba zai hau Embraer 145 ba sai ya sake wani horon, kuma dubban daloli ake magana. Lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 daga Kano zuwa Jodan koyon tuƙi, da yawansu sun dawo da lasisi a hannu suka daɗe ba aiki, kuma rashin wannan shaida na cikin manyan dalilai. A nan ne sauƙin kuɗin Zariya ke aiki: abin da ka rage a kuɗin makaranta, shi za ka ajiye don wannan mataki. Kada kuma ka yi gaggawar sayen shaidar kafin ka ga wane jirgi kamfanoni ke neman mataimaka a kansa. Max Air na da 737, Rano Air na da Embraer 145, Ibom Air na da CRJ da A220, kuma shaidar da aka ajiye ba a tashi da ita sai an sake kashe kuɗi wajen sabunta ta. Wasu kamfanonin sukan biya wa sabon mataimaki kuɗin horon, su ɗaure shi da yarjejeniyar wasu shekaru ko su riƙa cira daga albashinsa. Idan aka samu irin wannan a karɓa, amma a kai takardar wurin lauya ya duba nawa za a biya idan yaro ya bar aikin, da kuma wa zai ɗauki bashin idan kamfanin ne ya ajiye jiragensa.