Masu ba da shawara kan bashi kyauta: yadda na gan su bayan wata 14

Wata 14 kenan da na fara hulɗa da wata ƙungiyar agaji mai ba mutane shawara kan bashi, ba tare da sun karɓi ko sisi a hannunka ba, to na ce bari in faɗi yadda na same su don na san akwai masu irin halin da na shiga suna nan sun yi shiru. Ba zan kama sunanta ba, irinsu na da yawa, a Ingila akwai StepChange tun 1993, a Amurka akwai NFCC tun 1951, kowa ya duba ta ƙasarsa, ka dai tabbatar ba ta neman riba ba ce.

Ranar da na kira su bashi takwas ne a kaina. Katin banki biyu, rancen banki ɗaya, manhajojin rance na waya uku, kuɗin haya da ya taru, sai kuma wanda yayana ya ranta min. In ciwo bashi nan in toshe can, albashi ya shigo da safe kafin dare babu shi, waya na yin ƙara gabana ya faɗi. Ana cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, to nawa kam har barci ya hana ni.

Matar da ta ɗauki wayar tun farko ta ce min, "Malam, mu fa ba ma biya wa mutum bashi, ba ma kuma ba da rance." Wallahi jikina ya yi sanyi don a raina abin da na zo nema kenan. Amma ta ce in ɗauko biro da takarda, muka yi sama da awa ɗaya tana tambaya ina ba da amsa, nawa ke shigowa, nawa ke fita, wa ke bina, nawa ne ruwan kowanne, kuma ko sau ɗaya ba ta ce min me ya kai ka ba. Wannan kaɗai ya sa na saki jiki, don ni kaina ban taɓa haɗa jimillar wuri ɗaya ba, tsoron ganin lambar nake.

A nan idona ya buɗe. Ɗaya daga manhajojin nan ruwanta kashi 10 cikin ɗari ne a wata, ni ina ganin ai ba yawa, sai ta lissafa min cewa in aka bar shi ruwa na hawa kan ruwa, cikin wata 12 duk 100 sai ta koma kusan 314, ya ninka uku har da ɗoriya. Sannan ta nuna min kuskuren da na daɗe ina yi, wato wanda ya fi damuna da kira shi nake fara biya, alhali haya da wuta da haraji da tarar kotu su ne na gaba, don su ne in ka ƙi biya za a fitar da kai daga gida ko a yanke maka wuta ko hukuma ta shigo ciki. Ni kuwa na bar haya na taruwa ina ta lallashin masu manhaja saboda sun fi hayaniya.

Tsarin da suka yi min mai sauƙi ne. Aka fara ware haya da abin da za a rage na bayanta, aka cire na buƙatun gida, abin da ya saura nake tura musu sau ɗaya a wata su raba wa masu bina, kowa gwargwadon girman bashinsa. Su suka rubuta wasiƙu suna roƙon a tsayar da ruwa da tarar jinkiri. Cikin masu bina shida, ban da mai gida da yayana, huɗu sun tsayar, ɗaya ya rage, ɗaya ya ƙi sam. Kuma ka sani roƙo ne fa, ba dole aka yi musu ba, sai dai inda doka ta tanada, kamar Ingila da Wales da tun watan Mayun 2021 ake iya ba mutum sararin kwana 60 a dakatar da ruwa da matsin masu bi.

Inda ban ji daɗi ba, jiran layi. Akwai ranar da na kusa minti 40 riƙe da waya, kuma kusan duk kira sabon mutum ne zai ɗauka, ka sake kwance labarin da ma kunyar faɗinsa kake ji. Sunana a wajen bankuna ya ɓaci, wannan sun gaya min gaskiya tun kafin in sa hannu, an rufe katunan, kasafin kuma ya matse sosai ta yadda ɗan rashin lafiya kaɗan sai ya jijjiga shi, duk da in ka kira da wuri suna sake lissafin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bashin yayana. A takardarsu yana can ƙasa cikin waɗanda za su iya jira, tunda ba ruwa ba kotu, amma ni shi ya fi min nauyi, don mutumin bai taɓa tambayata ba. Mai ba ni shawarar ta ce wannan kam sai dai in je in same shi da kaina. Na je, na ajiye takardar gaba ɗaya a gabansa, ya karanta ya ce, "Ƙanena, gama da na bankin tukuna."

Don Allah a kula da kamfanonin da ke talla wai za su shafe maka rabin bashi. Da yawansu kuɗin aiki suke fara karɓa, su ce ka daina biyan kowa, ruwa na ta hawa. A Amurka ma tun 2010 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta hana masu tallata irin wannan ta waya karɓar kuɗi kafin su yi aikin.

In za ka kira, tara takardun banki na wata uku da duk saƙonnin masu binka, kada ka ɓoye ko guda, na so in ɓoye ɗaya kuma da lissafin ya lalace. Ni tsarina na wata 58 ne, na yi 14 saura 44, haya ta koma daidai tun a wata na tara, kuma tun ranar ban sake cin sabon bashi ba.