Ajin WhatsApp na masu neman intanship: Anti ta iya koyarwa, amma yaronta fa?

Duk wanda ya karanta fannin abinci mai gina jiki ya san karɓar sakamako ba shi ne ƙarshen wahala ba. Sai ka yi shekara guda kana horo a asibiti ƙarƙashin manya kafin a yarda ka tsara wa maras lafiya abinci, kuma samun gurbin shi ne tashin hankalin. Likitoci tun 2021 hukumarsu ta MDCN ke rarraba su ta shafi ɗaya. Mu kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ibadan da ranarta, Inugu da tata, sauran asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya kowanne sai ya ga dama zai fitar da sanarwa. Shi ya sa da tallar wani ajin WhatsApp mai shirya masu neman gurbin horon ta zagayo gurup ɗinmu na 'yan aji, na biya. Wata mata da muke kira Anti ce ke koyarwa a ajin.

Gaskiya na shiga ne da zaton irin ajin nan ne da za a jibga maka takardu a tafi. Daren da aka yi gwajin intabiyu ta kiran murya ya sauya min tunani.

Anti ta kawo mana misalin wani dattijo ɗan ƙauye mai ciwon suga, nauyinsa kilo 82, tsayinsa mita 1.70. Lissafin bai ba kowa wuya ba, ma'aunin ƙibarsa ya kama 28.4, ya wuce 24.9 da ake so. Ta ce a ba shi kalori 1,800 a rana, rabi daga sitaci, giram nawa ke nan? Aka raba 900 da 4, aka ce 225. Sai ta ce wa wata baiwar Allah ta tsara masa abincin yini. Yarinya ta zuba abin da ke littafi, su hatsin Turawa na gwangwani da burodin alkama da ganyayyakin da sai babban kanti. Anti ta bari ta gama tsaf, sannan ta ce, “'Yar nan, a wace kasuwa Baba zai samo waɗannan? Mutumin da dawa da gero ke rumbunsa, zogale na bayan ɗakinsa?”

Daga nan ta karɓi zancen, ta fi rabin awa a kan tsohon nan shi kaɗai. Malmalar tuwo kada ta wuce dunƙulen hannunsa, miyar kuka ko kuɓewa ta fi tuwon yawa. Wake da rama da zogale su shigo kullum. Kokon safe babu sukari, ƙosai a tsane masa mai. Fura ba a hana shi ba, a dai rage, a dama da nono zalla. Ta ce in kin hana tsoho tuwo gaba ɗaya zai ce miki to, ya koma gida ya ci malmala biyu, kuma ba za ki sake ganinsa ba sai an kawo shi kwance. Ta ɗora da azumi: kada ya tsallake sahur, likita ya duba masa lokutan magani, in sugansa ya sauka ƙasa da 70 ya karya, ba gardama.

Ni tamowa ce ta faɗo kaina. Awon damtsen yaro in ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ta yi tsanani, wannan na amsa. Ta bi ni da me ya sa ake fara wa wanda aka kwantar da madarar F-75 maimakon F-100, alhali yunwa ce ta kwantar da shi. Na ce jikin ya yi laushi, zuciya da hanta ba za su ɗauki lodi ba, shi ya sa ake farawa da mai ƙarancin furotin da gishiri, kuma ba a ba da maganin ƙarin jini a matakin farko. Ta ce, “Madalla, ƙanwata. To yanzu faɗa wa uwar yaron da Hausar da za ta gane.” Wallahi a duk zaman da na yi a jami'a ba a taɓa ce min haka ba. Daren nan na kira ƙawayena ina cewa su zo su biya, ko bashi ne su ci.

Yanzu da nake rubutu kuwa raina sai ƙara ɓaci yake. Tarin tsofaffin tambayoyin da aka yi ta talla da shi, rabinsa daga jarrabawar Amurka aka kwaso, nauyi da fam da oza, wani wurin ma ana tambayar tsarin tallafin abincinsu na can. Wannan na haɗiye.

Wanda ban haɗiye ba shi ne na kai takardu. Wani asibiti a wata jiha ya ce hannu da hannu yake karɓa, aka sanar a gurup cewa yaron Anti zai kai wa duk wanda ya ƙara kuɗi. Na haɗa komai: wasiƙa zuwa ga shugaban asibiti, sakamakon digiri, na WAEC, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, hotuna. Na sa a mota, ya ce ya karɓa, washegari ya turo “an kai”. Na ce ya ɗauko min hoton shaidar karɓa, ya ce ba sa bayarwa. Sunayen masu zana jarrabawa suka fito, babu nawa, babu na wasu 'yan gurup ɗin da suka biya shi. Wata da ta kai nata da ƙafarta ta nuna mana kwafin wasiƙarta da hatimi da kwanan wata raɗau. Da aka matsa masa ya ce ya isa an tashi daga aiki, ranar ce kuma ta ƙarshe, ambulan ɗinmu suna nan a shagon yayansa.

Na kira Anti. Ta ce, “Ki yi haƙuri ƙanwata, komai rabo ne.” Na ce, “Anti, na yarda da rabo, amma kuɗin aike fa?” Ta ce za ta yi masa magana. Matar da ta tsare mu a kan giram ɗin sitaci ta kasa tsare yaronta a kan ambulan. Asibitin nan sai baɗi kuma, in Allah ya kai mu, kuma shi na fi sa rai da shi saboda akwai gidan gwaggona a garin, ba sai na kama haya ba.

Tauraro biyar na yi niyyar bayarwa, na dawo uku, yanzu ma biyu nake gani. Kuɗina ba su dawo ba. Yaron har yau shi ke riƙe da gurup ɗin, jiya ma ya saka sanarwa wai masu son a kai musu takardu Abuja su turo kuɗi kafin Alhamis.